Ƙullin Gashi a Ƙofar Ɗakin Umma

Ranar da Iya ta baro Rogo Ruma ta dawo gidanmu na Karaye da zama, bayan ta fita takabar kakanmu, kayanta duka ba su cika rabin akori-kura ba. Akwatin ƙarfe guda, tabarma, butar alwala, sai wani kwando da aka ɗaure wa baki da tsohon zane, yana motsi shi kaɗai. Mu yara muka kewaye shi muna murna, mun ɗauka kaji ne za a yanka. Da aka kwance, sai ga kyanwa mai launin toka ta fito, ta yi miƙa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mu ne baƙin. Sunanta 'Yar Toka, kuma ba kyanwar Lami ba ce. Tana cizo, tana yakushi.

Iya ita ta haifi babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa duk gidan ake ce mini Uwani, ita kuwa ba ta da sunan da take kirana da shi sai takwara. Shekarata tara a lokacin, ga rawar kai, ga son wasa, ga shi na iya ƙarya 'yar daidai gwargwado.

Idan aka yi sallar magariba aka ci tuwo, Iya ba ta yarda a kashe wutar murhu. Sai ta tura gyaɗa cikin rushi, ta jawo 'yar kujerarta, ta ɗora 'Yar Toka a cinya, ta zaro wani tsohon mataji na katako da haƙoransa biyu suka karye. Da shi take taje kyanwar, kuma da shi ake buɗe tatsuniya. Ita ba ta faɗin mabuɗin yadda kowa ke faɗa. Cewa take, "Ga ta nan ta taso daga Rogo, ƙafarta duk ƙura." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta sha ruwa mu ji ta."

Tatsuniyar Iya tsawon kyanwa gare ta. Daga kai take farawa, ta bi wuya, ta bi gadon baya, ta sauka haƙarƙari, in mataji ya kai ƙarshen wutsiya to labari ya ƙare, ko da kuwa kura ta buɗe baki za ta haɗiye marainiya. Sai ta ce, "Ƙurunƙus kan ɓera, na bar wa 'Yar Toka ta yi kalaci da shi." Shi ya sa idonmu ba ya kan bakin Iya, yana kan hannunta. Ƙannena har addu'a suke yi Allah ya ƙara wa kyanwar nan tsawo. Gashin da ya taru a mataji kuwa, sai ta murza shi a tafin hannu ta jefa wuta. Ƙauri ya cika gida, Baba ya yi tari daga zaure ya ɗaga murya, "Iya, yau ma an yi layya ne?" Ta ce, "An yi, kasonka hayaƙi."

Na taɓa tambayarta abin da ya sa take wahalar da kanta, tunda kyanwa ta iya wankanta. Sai ta kama yatsana ta shafa masa man gyaɗa ta miƙa wa 'Yar Toka. Na ji harshen yana kankarar fatata.

"Kin ji kaushin?" in ji Iya. "Mataji ne Allah ya dasa mata a baki. Amma ita ba ta iya tofarwa ba. Duk gashin da ya kamo, ciki yake wucewa. In kaɗan ne ya fita ta ƙasa babu wanda ya sani. In ya yi yawa ya dunƙule, sai ta amayo shi. In ya ƙi amayuwa, ya toshe hanji. Haka uwarta ta mutu a hannuna, tana yunƙurin amai kwana uku babu abin da ya fito. Wanda na cire da hannuna, takwara, shi ne wanda ba za ta haɗiya ba."

Ba tajewa kaɗai ba. Duk Juma'a takan ɗiga mata ɗan man gyaɗa a ƙafar gaba ta lashe, wai don hanya ta yi santsi. Da rani kuma, in ciyawa ta bushe, sai ta watsa gero a wani fasasshen kasko kusa da randa inda ruwa ke ɗiga, ya tsiro kore shar, kyanwar ta riƙa tsinkar ganyen. Kwanon ruwanta daban, kuma kullum sai an sake. Umma takan yi dariya ta ce ko amarya ba ta samun wannan gatan.

Katanga guda ce ta raba mu da Goggo Asabe mai kitso. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, da kitson nan take ci da su. Hannu gare ta, har daga Tudun Kaya da Daurarmu ta Karaye mata ke zuwa su bi layi a tabarmarta, musamman in salla ta matso. Ita da Umma aminai ne tun suna amare. Ta kan katangar nan ake miƙa gishiri, a miƙa daddawa, a miƙa gulma. Amma duk da wannan aminci, in aka gama wa Umma kitso sai ta durƙusa ta tsince gashinta tas daga tabarma, ta ƙulle a bakin zane, ta zo gida ta binne a bayan ɗaki. Kowace mace haka take yi. Ba wai rashin yarda ba ne, haka aka tarar: gashin mutum ba a barinsa a gidan wani, don ba a san hannun da zai faɗa ba.

A bazarar da nake ba da labari, Umma ta haihu, namiji, ya kwana huɗu ya koma, ko suna ba a yi ba. Mata suka yi ta zuwa suna cewa sai haƙuri, ita kuma tana cewa haƙuri ya zama dole. Ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya. Ta dai daina dariya, kullum kanta na ciwo, gashinta ya riƙa zuba a ɗankwali. Ana cikin haka aka aiko daga Rogo Ruma cewa ƙanwar Iya ba ta da lafiya. Da Iya za ta tafi duba ta, sai ta danƙa mini matajin a hannu ta ce, "Kullum bayan magariba, daga kai har wutsiya. Lokacin zafi ne, gashi zuba yake. Amana na ba ki." Na ce, "Haba Iya, kamar ba ki san ni ba." Ashe kuwa ta san ni.

Kwana biyu na yi ina tajewa. A na ukun 'Yar Toka ta yakushe ni a hannu, ga farin wata ya fito, ga ƙawayena suna gaɗa a dandali ina jiyo tafinsu. Na cusa matajin a tsagin bango saman ƙofar Iya, na ce gobe. Goben nan ta kai kwana goma sha biyu. Geron kasko ya bushe don ban zuba masa ruwa ba, man Juma'a kuwa ko tunawa ban yi ba.

Wata safiya na fito zan wanke fuska in tafi makarantar allo, sai na ga 'Yar Toka a durƙushe daidai ƙofar ɗakin Umma. Ta miƙa wuya, cikinta yana bugawa, tana wani irin ƙara kamar famfon tuƙa-tuƙa da ya ƙafe. Can sai ta zubo wani abu baƙi, dogo kamar yatsan babba, a jiƙe, ta yi tafiyarta. Na gane ko mene ne, don Iya ta kwatanta mini. Na juya zan ɗauko tsintsiya ke nan sai na ji Umma tana zare sakata. Na san in ta gani za ta tambayi mataji. Sai na sulale na fice.

Da na dawo da hantsi na tarar da tsakar gidanmu cike da mata. Abin yana nan inda yake, ya bushe, ƙura ta hau shi, an yi masa da'ira babu mai matsawa kusa. Umma tana zaune a dakali tana salati ƙasa-ƙasa. Wata 'yar'uwarta da ta zo mana kwana, Yaya Hansai, ita ce ta sunkuya ta leƙa, ta ɗago ta riƙe haɓa.

"Gashi ne," in ji ta, tana duban Umma. "An murza shi an ƙulla. Saude, dama na ce ciwon kan nan naki ba na Allah da Annabi ba ne. Ga zubar gashi, ga yaro ya koma. To wa ke taɓa kanki?"

Babu wadda ta ambaci suna. Kowa dai ya waiwaya ya dubi katanga.

Da kara biyu aka ɗauki abin aka saka a gwangwanin madara aka rufe, za a kai wa malami ya karya. Baba, wanda malamin hakimi ne kuma ya saba ganin inda ƙaramar magana ke kai mutane, ya hana. Ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma babu inda gwangwanin nan zai je sai Iya ta dawo. Ya tsare gwangwani, amma bai iya tsare bakin mata ba. Kafin la'asar magana ta kai bakin rijiya, kafin kwana uku ta kai Tudun Kaya.

Tabarmar Goggo Asabe ta koma babu kowa. Wadda aka yi wa rabin kai ma ba ta koma an ƙarasa mata ba. Ranar nan Goggo ta miƙo kunun kanwa ta kan katanga kamar yadda ta saba tun haihuwar, Umma ta ce in ce tana barci, aka mayar da kwanon ko buɗewa ba a yi ba. Ni na mayar. Goggo ta karɓa ta ji nauyinsa, ta dube ni. 'Yarta Ladidi, ƙawata, ita ta gaya mini a hanya cewa kwana biyu rogo kawai suke ci, kuma Goggo ta ce ranar kasuwa mai zuwa za su kwashe kaya su koma ƙauye wurin wanta, don ba za ta zauna inda ake nuna ta da baki ba.

Ni kuwa na yi shiru. Ranar farko tsoron duka ne ya hana ni magana. Rana ta uku kuma tsoron a ce me ya sa ban faɗa tun ranar farko ba. Kullum abin ƙara girma yake, kullum ƙara wuyar fita. Tuwo ya daina wuce mini. In wani ya ce "kyanwa" ko da a wasa ne, sai gabana ya faɗi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ina son Goggo Asabe ƙwarai, ita ta yi mini kitsona na farko, kuma ina kallo ana kashe mata sana'a da suna a kan abin da na gani da idona. Har yau in na tuna kwanakin nan kunya nake ji.

Saura kwana biyu kasuwa Iya ta dawo. Umma ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ya mai jiki, sannan ta kwashe labari duka ta gaya mata, Yaya Hansai tana ƙara gishiri. Iya ta saurara har ƙarshe, ta ce a ba ta ruwa ta sha. Sai ta kira 'Yar Toka ta shafa bayanta sau ɗaya, ta dubi tafin hannunta cike da gashi. Ta leƙa kasko ta ga busasshen gero. Ta miƙa hannu saman ƙofa ta zaro mataji, ta hure ƙurar da ke kansa. Sannan ta dube ni ta ce, "Takwara, kin rame." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Bayan magariba ta tura gyaɗa a rushi kamar kullum. Amma ranar ta ce Umma ma ta fito ta zauna, da Yaya Hansai. Umma ta ce, "Iya, ai na wuce tatsuniya." Iya ta ce, "Ni da na haifi mijinki ban wuce ta ba." Ta kuma jawo kujerarta kusa da katanga, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Ta ɗora mataji a kan 'Yar Toka ta ce ga ta nan ta taso daga Rogo, muka ce ta shigo ta sha ruwa.

Wai a zamanin da, kowace dabba tana da mai gyara ta. Balbela tana cire wa saniya kaska, biri yana duba wa biri kai, kaza ta yi birgima a toka ta kakkaɓe. Kyanwa kaɗai ta ce ita ba ta bukatar kowa. Tsafta gare ta, ga kunya, ga jin kai, ba ta so a ga ko silin gashinta ɗaya a ƙasa a ce Kyanwa ma tana zubar da gashi. Saboda haka duk wanda ya tsinke sai ta haɗiye. Yau ɗaya, gobe biyu. In an tambaye ta lafiya, ta ce ƙalau. Maƙwabciyarta kuwa Kabare ce, tsuntsuwar nan mai saƙa, wadda duk garin ita ke yi wa kowa saƙa da ɗinki. Rannan da asuba Kyanwa ta bi ta ƙofar Zaki, sai cikinta ya murɗa, abin da ta daɗe tana haɗiya ya fito a dunƙule a bakin ƙofar sarki. Kunya ta kama ta, ta gudu. Da gari ya waye Zaki ya ga ƙulli ya ce an yi masa sammu. Fadawa suka ce, ranka ya daɗe, wa ya iya ƙulli a garin nan in ba Kabare ba? Aka warware mata sheƙa, aka ce ta bar gari. Ta ɗauki 'ya'yanta a baki ɗaya bayan ɗaya tana kai su ƙarshen reshe, can inda iska ke kaɗawa. Kyanwa tana kan katanga tana kallo, tana lasar hannunta.

Nan Iya ta tsaya. Matajin yana tsakiyar baya, ko kusa da wutsiya bai kai ba. Ƙanina ya ce, "Iya, sai me?" Ta ce, "Ban sani ba. Ƙarshen wannan ba ya wurina. Ai an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne. Amma ba don gashi aka yi shi ba. Wanda ya san ƙarshenta ya ƙarasa mana, gyaɗa tana ƙonewa."

Ba ta dube ni ba, wuta take kallo. Ni dai na ji abin ya taso mini daga ciki har maƙogwaro, na fashe da kuka. Na ce ni ce, ban taje ta ba, na ga lokacin da ta amayo shi, a kan idona, Goggo ba ta yi komai ba. Na faɗa ya fi sau biyar, majina da hawaye duk sun haɗu.

Yaya Hansai ta ce, "Yarinya ce, tsoro ne ya sa ta." Iya ta ce, "To, gani ya kori ji. A ɗauko gwangwanin, a kawo fitila da ƙwaryar ruwa." Ta buɗe shi da hannunta, mata suna ja da baya, ta juye a ruwa ta yi bisimilla ta fara warwarewa da yatsa. Dattin ya fita, abin ya baje. Gashi ne gajere, miƙaƙƙe, mai launin toka da fari-fari, har da 'yar ƙayar kifi a ciki. Iya ta tsamo kaɗan ta ɗora kusa da wanda ke jikin mataji, ta matso da fitila.

"Saude," in ji ta, "yaushe kika fara furfura ban sani ba? Kuma yaushe kika fara cin kifi da ƙayarsa?"

Ƙannena suka ƙyalƙyale da dariya. Umma ba ta yi ba. Ta zuba wa ƙwaryar ido, can ta ce, "Na mayar mata da kunu." Sai ta rufe fuska da zane. Kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da jaririn, ranar ta yi shi. Iya ta sauke kyanwar, ta jawo kan Umma ta ɗora a cinyarta, ta zame mata ɗankwali tana shafa kan a hankali. Na ji tana cewa, "Yi abinki. Kwana arba'in kina haɗiya. Zubar gashi bayan haihuwa ni ma na yi ta, sau bakwai. Yaro kuwa wanda ya ba da shi ne ya karɓa, ba Asabe ba." Daga bayan katanga muka jiyo ana fyace hanci.

Ni ba a doke ni ba, kuma da an doke ni da ya fi mini sauƙi. Washegari da sassafe Iya ta tura ni in je in faɗa wa Goggo Asabe da bakina. Na tarar da ita ta ɗaure tukwane a buhu. Na durƙusa na faɗa. Ta ɗaga ni ta share mini fuska da bakin zanenta ta ce, "Ke yarinya ce, Uwani. Manya ne suka ba ni mamaki." Ba ta kwance buhun ba.

Da hantsi, daidai lokacin da mata ke wucewa zuwa rijiya, Umma ta yafa mayafi ta fita, na bi ta. Ta yi sallama a gidan Goggo, ta bar ƙofar gidan a buɗe, ta shimfiɗa tabarmar kitso da kanta inda duk mai wucewa zai hango, ta zauna ta cire ɗankwali. Ta ce, "Asabe, na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah." Goggo ta tsaya a kanta ta dube ta. Can ta jawo kujera ta zauna a bayanta, ta ce, "Wane iri?" Umma ta ce, "Duk wanda hannunki ya so."

An daɗe ana kitson nan, kuma gashi ya zuba da yawa. Mata suka fara tsayawa da tuluna a ƙofa, wasu suka shigo wai gaisuwa. Da aka gama Umma ta miƙe ta kakkaɓe zanenta a kan tabarma, ta ɗaura ɗankwali, ta nufi ƙofa. Goggo ta ce, "Saude, kin manta gashinki." Umma ta juyo, a gaban kowa, ta ce, "Ban manta ba. Ki share."

Wata tsohuwa da ke tsaye ta yi salati. Kafin azahar mace biyu sun zauna a layi, ciki har da mai rabin kan nan. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, tukwanen Goggo suna kan murhu. A daren ranar kitson kuwa, na ce wa Iya ta ƙarasa mana tatsuniyar jiya, ta ce, "Uwarku ta ƙarasa ta da safe, ba ki gani ba?" Ta miƙo mini mataji ta ce hukuncina kwana arba'in, daga kai har wutsiya. Na yi su cif, kuma tabon yakushi yana nan a hannuna na hagu.

Yanzu ni malama ce a makarantar firamare, da 'ya'yana huɗu, kuma matajin nan yana wurina, haƙori na uku ya bi 'yan'uwansa. Autata tana da kyanwa, jikar jikar wata ce daga zuriyar 'Yar Toka in an yarda da lissafin Iya. Bara da ta yi ta amai na kai ta wurin malamin dabbobi. Ya ce a riƙa taje ta kullum, musamman da zafi, a wadata ta da ruwa, a yi mata maganin ƙuma don ƙaiƙayi ke sa ta yawan lasa. Ya ce man nan kada ya wuce ɗigo, in ya yi yawa zawo yake sawa. In kuwa tana yunƙurin amai babu abin da ke fita, ta ƙi abinci, ta daina kashi, to kada a tsaya dabarar gida, a kawo ta da sauri. Ina ta gyaɗa kai ina murmushi har ya tambaye ni ko ya faɗi wani abin dariya. Na ce a'a, wata tsohuwa ce ta riga shi, ita kuma ko allo ba ta gama ba.

Na daɗe ina zaton darasin tatsuniyar nan shi ne kada yaro ya ɓoye laifi. Sai da na yi aure, na haɗiyi nawa rabon na maganganu, na gane ba ni kaɗai Iya ta nufa ba. Mu uku ne muka yi haɗiya a gidan: kyanwa, da ni, da Umma. Kuma duk abin da muka haɗiya, a kan wadda ba ta ci ba ba ta sha ba ya fito. Mu an koya mana haƙuri, kuma haƙuri abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma Iya ta san cewa mai haƙuri ma yana bukatar wanda zai zauna da shi kullum ya rage masa kaɗan tun bai dunƙule ba. Shi ya sa har ta bar duniya, duk yamma sai ta kira Umma ta ce, "Zo ki tsince mini wake," alhali waken a tsince yake.

Shekara talatin Umma ta yi tana kitso a wurin Goggo Asabe bayan wannan, ba ta sake tsince gashinta ba ko sau ɗaya. Da Allah ya karɓi ranta, shekara uku ke nan, mata suka tambaye ni wa zai shiga wanka. Ban yi shawara da kowa ba. Na aika aka riƙo Goggo, ta tsufa, ta daɗe da barin sana'a. Ita ta taje kan Umma, ta raba shi uku ta kitse kamar yadda ake yi wa mamaciya. Ina riƙe da buta ina kallo. Da ta gama sai na ga tana tsince farin gashin da ya maƙale a mataji, sili-sili, har wanda ya faɗi a tabarma. Ta murza shi a tafin hannu, ta ɗaga gefen likkafani ta saka a ciki.

Ta ɗago ta ga ina kallonta. Ta ce, "Shekara talatin ina share mata. Yau dai na mayar mata da kayanta."